Farin Gurbin da Lawali Ya Bari

Shekara tara ke nan da muka kai Lawali makwancinsa a Gusau. Ranar Juma'ar da ta wuce na zauna a ofishinmu na Tsafe na ƙirga su da yatsu, na sake ƙirgawa, don a raina abin bai fi shekara uku ba. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Abin faɗa kam ina da shi, sai dai akwai wani abu da na aikata bayan rasuwarsa wanda na san in na buɗe baki a kansa dole in haɗa da shi, ni kuwa ban shirya ba. Bana saura mini 'yan watanni in ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in sauke kayan nan tun ina da sauran ƙarfi.

Ga wanda bai san shi ba, Lawali masanin duwatsu ne da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Mun yi aiki a wata ma'aikata mai nemar wa ƙauyuka ruwan sha, shi a Gusau, ni a Tsafe. Shi ne mai ilimin, ni kuwa mai shigar da bayanai ne a kwamfuta. Siriri ne, mai saurin tafiya, kuma ba ya wuce dutse a hanya bai ɗauka ya juya shi ba. Maiɗakinsa ta gaji da ɗinke masa aljihu har ta haƙura. Bai taɓa kiran sunana na yanka ba. Dogo yake ce mini, saboda babu ƙofar ofis a jihar nan da nake shiga ban sunkuya ba.

Ƙasarmu ba ta ba da ruwa da sauƙi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin dutsen Kwatarkwashi ya ga abin da muke zaune a kai, don irin wannan dutsen ne shimfiɗe a ƙarƙashinmu, ƙasa kaɗan ce ta rufe shi. Ruwa yana ɓuya ne a inda dutsen ya ruɓe ya yi kauri, ko inda ya tsage, ko inda ya lotsa ya yi kwari a can ƙasa. Za ka haƙa nan ka samu, ka matsa taku hamsin ka haƙa ka tashi a banza. Taswirar takarda ba ta nuna wannan, fuskar ƙasa kawai take nunawa. Abin da ya dami Lawali ke nan. Yana so ya ga cikin ƙasa kamar yadda mace ke yanka kabewa ta ga cikinta.

Sai ya gina abin da a ofis muke kira siffa. Hoto ne a kwamfuta mai tsawo da faɗi da zurfi, wanda za ka iya juya shi, ka karkata shi, ka yanka shi daga duk inda ka ga dama ka ga yadda ƙasa ta hau kan ƙasa: jar ƙasa a sama, marmara, laka, ruɓaɓɓen dutse, sannan baƙin dutsen da ba ya ba da komai. Kowane da launinsa. Kowace rijiya da aka taɓa haƙawa tana tsaye a ciki kamar tsinke, kuma daga waɗannan tsinkaye ne kwamfuta ke zana abin da ke tsakaninsu.

Abin ya yi nauyi ƙwarai. Babu na'ura ɗaya a cikin namu da za ta ɗauke shi, sabis ɗin intanet na wancan lokaci kuwa sai a hankali. Lawali ya raba shi uku. Yankin Gusau yana zaune a na'urar Gusau, na Bungudu a Bungudu, na Tsafe a kan teburin nan da nake rubutu a kansa. In ka buɗe a Gusau, na'urar can ce za ta aika ta tambayi sauran biyun, kowace ta turo nata, a ɗinke su a kan allo su zama ƙasa ɗaya. In kana kallo daga nesa, sama-sama za a turo maka. In ka matsa kusa da wani ƙauye, sai a turo bayanin wannan wurin kaɗai dalla-dalla. Manya sun so a tattara komai a Gusau a huta, ya ƙi. Hujjarsa ita ce wanda ke kusa da rijiya shi ya kamata ya riƙe labarinta, don shi zai ji in ta ƙafe.

Wannan tsari yana da wani abin dariya. Duk ranar da aka ɗauke mana wuta a Tsafe kuma janareto ya ƙi tashi, kashi ɗaya cikin uku na ƙasar sai ya ɓace daga allon Gusau, ya bar baƙin rami. Ba a minti biyar wayata za ta yi ƙara.

"Dogo, ƙasarku ta ɓace. Mi kunka yi mata?"

Sai in ce masa mun kai ta kasuwa. In wuta ta dawo, siffar takan ɗauki kusan rabin sa'a kafin ta gama haɗuwa, layi bayan layi, shi kuma ba ya kashe waya. A wannan jiran ne muka yi duk hirar da muka yi a duniya. A nan na ji labarin mahaifinsa, da yadda ya so ya karanta likitanci bai samu ba, da tsoron da yake ji game da ciwon da ya fara damunsa a ciki. A nan shi ma ya ji nawa. Mun fi shekara goma a haka, kuma in aka tara kwanakin da muka zauna ido da ido ban jin za su cika wata uku. Duk da haka ban yi aboki kamarsa ba, kafinsa ko bayansa.

Rijiyoyin burtsatse da inji ya haƙa ba su da yawa a lokacin, kuma bayanansu rabi sun ɓace. Mafi yawan abin da ke cikin siffar daga bakin masu haƙar rijiya da hannu muka samo shi. Waɗannan mutane suna riƙe da kowace rijiya a ka. Tsoho zai zauna ya ce maka a rijiyar gidan wane, gaba uku jar ƙasa ce, gaba biyu marmara, a gaba na tara aka ji sanyi, a na sha ɗaya dutse ya tsayar da su. Ba ya kuskure. Matsalar ita ce gaba ba mita ba ne. Gaba shi ne mutum ya ware hannayensa biyu, daga kan wannan yatsa zuwa wancan, kuma kowane mai haƙa da nasa gaban yake auna igiyarsa.

Mun gano haka ne ta hanya mai ban haushi. Farkon haɗa yankin Bungudu da na Gusau, sai ga dutsen ƙarƙashin ƙasa ya yi tsalle daidai inda aka ɗinke su, kamar matakalar bene. Lawali ya yi mako biyu yana zargin na'ura. Daga baya ya je Bungudu ya ga mutumin da ya haƙa yawancin rijiyoyin wajen, wani ƙato mai hannaye kamar taɓarya, alhali na Gusau ɗan tsurut ne. Tun daga ranar ya kafa doka. Ba a shigar da rijiya sai an rubuta sunan wanda ya haƙa ta, an kuma tsayar da shi jikin bango ya ware hannu an auna shi da tef. Tsofaffin nan sun sha dariya. Wani a Bungudu ya tambaye shi ko likkafani zai ɗinka masa. Amma sun ji daɗi, don ba a taɓa rubuta sunansu a takardar gwamnati ba sai a lokacin.

Akwai wani ƙauye tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe, ba zan kama sunansa ba, daidai inda yankina ke haɗuwa da na Gusau. Mai haƙar rijiyarsu wani dattijo ne, Baba Mani. Ba mu taɓa ganinsa ba. Lokacin da muka aika, yana kwance ba lafiya, sai limamin garin ya zauna kusa da shi ya rubuta mana bayanin rijiyoyi bakwai da ajami, tsaf, gaba bayan gaba. Takardar ta iso hannuna. Komai akwai a ciki sai abu ɗaya, babu wanda ya auna gaban Baba Mani.

Lawali ya hana a shigar da su. Kwamfuta kuwa tana iya cike wuri da kanta, ta duba hagu da dama ta zana abin da ya fi kama da gaskiya, amma nan ma ya hana ta. Ya bar wajen fari fat. A tsakiyar wannan siffa mai launi iri-iri, ga wani farin gurbi kamar inda aka cire haƙori. Duk baƙon da aka kawo ya gani, a nan idonsa ke fara sauka. Na yi masa magana ba sau ɗaya ba. Na ce mutum dai mutum ne, gaban wani bai fi na wani da abin a zo a gani ba, mu sa matsakaici mu wuce wurin.

"Dogo, in munka sa launi, wanda ya zo bayanmu cewa zai yi mun sani. Fari shi na gaskiya. Bari in samu sauƙi mu tai mu auno tsohon."

Bai samu sauƙin ba. An yi ta kai shi asibiti ana dawowa, har aka daina kai shi. Ranar da na je gaishe shi a gidansa na Sabon Gari, ya rame har ban so in dube shi ba, amma sai da ya tambaye ni ko janaretonmu ya gyaru. Bayan kwana shida aka kira ni. Na iso ana shirin sallar jana'izarsa.

Abin da na daɗe ina ɓoyewa ya faru ne kamar shekara ɗaya bayan haka. Aka ce za a haƙa wa ƙauyukan yankin rijiyoyin burtsatse, kuma ana son a nuna wa manyan baƙi siffar a babban allo. Aka kira ni daga Gusau aka ce farin nan ba zai yiwu ba, abin kunya ne, a san yadda za a yi. Ba wanda ya ce in yi ƙarya, kada in ɗora wa kowa. Ni ne na ɗauko takardar liman daga cikin durowa. Ni ne na rufe ƙofa, na tsaya jikin bango na ware hannayena, na yi alama da alli, na auna. Na shigar da rijiyoyin Baba Mani bakwai da gabana, na bar gurbin suna babu komai.

Farin ya cike nan take. Kuma abin da ya fito ya yi kyau har na ji daɗi: wani kwari a jikin dutsen ƙarƙashin ƙasa, mai zurfi, cike da ruɓaɓɓen dutse, irin wurin da kowane mai neman ruwa ke mafarkin samu, a yamma da ƙauyen. A nan aka kafa injin. An samu ruwa da kaka, aka sa fanfon tuƙa-tuƙa, aka yi addu'a, aka ɗauki hoto. Da bazara ta farko ya ƙafe. Haka ya riƙa yi kowace shekara, yana ba da ruwa lokacin da kowa ke da ruwa, yana ƙafewa lokacin da ake nemansa. Ƙauyen kuma an rubuta cewa an ba su, saboda haka aka wuce su zuwa wasu. Duk wanda ya tambaya sai a ce ai siffar Lawali ce ta nuna wurin. Ina ji ana faɗa, ina yin shiru. Shekara takwas ina barin mamaci yana ɗaukar laifina.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga yau. Siffar da muke jira rabin sa'a yanzu kafin ka kurɓi shayi ta buɗe. Ana kallonta a wayar hannu, mutum yana tsaye a gona yana yanka ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa da yatsa. An sa mana sola, ƙasarmu ta daina ɓacewa. Na san zai yi murna da wannan kamar ƙaramin yaro, don shi mutum ne mai son sabon abu. Amma zai tambaya yaushe rabon da wani ya je ya leƙa rijiya da idonsa, kuma amsar ba za ta yi masa daɗi ba. Hanyoyin da muke bi a kan babur ba tare da tunanin komai ba, yau sai an yi tambaya an sake tambaya kafin a bi su, wasu ma an daina bi. Ƙauyuka da dama da ke cikin siffar, rijiyoyinsu na nan tsaye a kan allo, mutanensu kuwa sun watse. Tsofaffin da muka auna jikin bango saura ƙalilan. Ni ma ofishin da muke mu biyar, ni kaɗai na rage, ni da na'ura da ƙarar fankarta.

A farkon shekarar nan aka yanke shawarar a kwashe yankunan uku a mayar da su wata babbar ma'ajiya, a rufe ƙananan na'urorin. Wadda aka ba aikin ita ce Injiniya Hauwa, shugabar sashenmu a yanzu, wadda ba ta taɓa ganin Lawali ba sai a hoton da ke bango. Mace ce mai bin abu layi-layi. Kafin ta kwashe, sai da ta bi kowace rijiya. Wata ranar Talata da hantsi ta kira ni, ta ce ta ga rijiyoyi bakwai da ke da awon gaba amma babu sunan mai gaban, kuma awon ya fi na kowa tsawo a duk siffar.

"Baba, wanga awo na wane ne?"

Ina da amsoshi da yawa da na tanada shekara da shekaru. Babu wadda ta fito. Na ce mata nawa ne. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ba za ta kwashe yankin Tsafe ba sai na gyara, ko in nemo gaskiyar awon ko in mayar da farin.

Na shiga neman Baba Mani, abin da ya kamata in yi tun shekara tara. Ya rasu tuntuni, ba da daɗewa ba bayan takardar liman. Mutanen ƙauyen da yawa sun tashi. Da ƙyar, ta hanyar wani mai sayar da gero a kasuwar Tsafe, na samu labarin 'yarsa Hajara tana zaune a Tudun Wada a Gusau, a wani ɗaki da 'yan'uwan mijinta suka ba su. Na je da rana tsaka, na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Dattijuwa ce ita ma. Na yi mata bayani iya yadda zan iya, ina jin kaina kamar mahaukaci, mutum ya zo daga Tsafe yana tambayar tsawon hannun mamaci.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ce mahaifinta yana da igiyar awo da yake ƙulla wa ƙulli a kowane gaba, ba ya bari kowa ya taɓa ta. Bayan rasuwarsa an yanyanka ta an yi ɗaurin dabbobi. Da za su taso ba su ɗauko komai ba sai tufafi da akuya guda. Ta tashi ta shiga ciki, na ji akuya tana kuka, sai ga ta ta fito da guntun igiya baƙi ƙirin, ya sha hannu ya sha ruwa. Ƙulli biyu ne suka rage a jikinsa.

Na shimfiɗa shi a ƙasa na ɗora tef. Gaban Baba Mani bai kai nawa ba da taƙi ɗaya da yatsu uku. Ɗan ƙaramin mutum ne, in ji ta, shi ya sa yake shiga ramin da wasu ba sa iya shiga. A rijiya mai gaba goma sha huɗu, na ƙara wa ƙasa zurfin da ya haura gaba biyu, wanda Allah bai yi mata ba. Kwarin nan mai kyau tsawon hannuna ne kawai.

Na gaya mata ni ne sanadin fanfon da ke ƙafewa. Na ga ya kamata wani daga ƙauyen ya ji daga bakina. Ta dube ni, ta naɗe igiyarta a hannu.

"Yamma ga gari? Ai Baba ya hana a haƙa can tun muna yara, ya ce dutse na kusa. Da kun tambaye mu, Malam. Mu munka ɗauka ku kun ga abin da ba mu gani ba."

Ta ƙara da cewa shekarun nan duka, da bazara, sai sun yi tafiyar da ta fi sa'a guda kafin su samu ruwa, kuma a wannan hanyar ce tsoro ya fara kama su. Ba ta faɗa don ta ƙona mini rai ba, labari kawai take bayarwa. Na roƙe ta gafara, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Igiyar kuwa ta ce ba za ta iya ba ni ba, don babu abin da za ta ɗaure akuyar da shi.

Mutane in suna tuna Lawali siffar suke ambata, launukanta da yadda take juyawa. Ita kam za ta tsufa, za a yi wadda ta fi ta, wataƙila ma an fara. Ni abin da na ga ya rage nasa shi ne gurbin sunan nan da ya tilasta a bari a gefen kowace rijiya. Shi ya kama ni bayan shekara takwas, ta hannun matar da ba ta taɓa jin muryarsa ba. Ya san wata rana wani zai gaji da farin, kuma ina jin ya san ko wane ne.

Ranar Alhamis na shigar da awon. A gurbin suna na rubuta Baba Mani, na ƙara da cewa daga guntun igiya aka auna ba daga jikinsa ba, don na san Lawali zai ce igiya tana miƙewa. Na buɗe wani sabon layi wanda babu shi a tsarin, na rubuta abin da ya faru da sunana a ƙasa. Ina kallo kwarin ya taso a hankali ya baje, dutsen ya koma kusa, inda yake tun fil azal. Injiniya ta ce za ta mayar da ƙauyen cikin jerin waɗanda ba su da ruwa, ko da saura gida goma ne a cikinsa.

Kafin gyaran ya zauna sai an kashe na'urar an sake kunnawa. Na kashe ta da azahar. Na san a wannan lokacin, a kan allon Gusau, Tsafe duka ta zama baƙin rami, karo na farko cikin shekaru. Ban kunna da wuri ba. Na ajiye wayata a kan tebur na zauna ina kallonta, minti biyar, minti goma, har aka kira sallah a masallacin bayan ofis. Sannan na tashi na kunna.